Batirina na nuna ya cika tun ƙarfe 11 na safe, amma ba ya kai mu asuba

Baban Hanifa, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sanin harkar sola ku taimaka min, abin ya fara hana ni barci. Wata takwas ke nan da aka haɗa min sola a gida. Inbata ce mai 3.5kVA ta 24V, irin wadda cajar rana ke cikinta, da fanel huɗu masu wat 450, da batir biyu dogaye na ruwa masu 220Ah. Da farko har asuba muke kaiwa fanka na juyawa. Yanzu kuwa tun ƙarfe 11 na safe allon inbatar zai nuna batir ya cika, sanduna huɗu cif, amma da ƙarfe ɗayan dare sai ta fara kuka, kafin biyu ta ɗauke ɗif. Jiya a tsakar gida muka ƙarasa kwana da yara, ga zafin Afrilu ga sauro. Na kira wanda ya haɗa min, ya ce batiran ne suka mutu, in nemi sababbi. Batirin wata takwas? Kuɗin nan sai da na sayar da babur ɗina na cika su. Me ya kamata in duba kafin in yarda da maganarsa?

Auwalu Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, batirin ruwa ya zama tsohon yayi. Ka daure ka sayi litiyam ka huta. Shekara biyu ke nan da nawa, ko kallonsa ba na yi.

Ɗan Gwammaja:
Ka hau sama ka duba fanel ɗinka tukuna. Tun hazon hunturu wasu ba su wanke nasu ba. Ni da na hau, da yatsa na rubuta sunana a kan ƙurar.

Baban Hanifa:
Duk Juma'a da sassafe yarona yake wanke su. Malam Auwalu, Allah ya hore mana, amma yanzu ba ni da halin litiyam.

Injiniya Bala, Hotoro:
Baban Hanifa, kar ka sayi komai tukuna. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne sandunan nan huɗu. Inbata ba ta leƙa cikin batirin ruwa ta ga abin da ke ciki, ƙarfin wutar da ke bakin wayarta, wato bol, kawai take aunawa. Idan ana tura caji da ƙarfi, bol ɗin zai tashi da wuri, ita kuma ta ce ya cika, alhali ciki da saura. Kamar ka zuba fura a kofi da sauri ne, kumfa ta taso har baki, ka bari ta kwanta ka ga rabi ne.

Gobe in Allah ya kai mu, tsakanin 10 da 11 na safe, ka kawo mana waɗannan. Ka shiga saitin inbatar ka ga wane irin batir aka zaɓa mata, a yawancinsu za ka ga AGM, ko FLD (na batirin ruwa), ko USE (inda kai ne za ka sa lambobin da kanka). Ka ga adadin amfiya da aka ba ta izinin turawa. Ka ga lambar bolk (bol ɗin da babban caji ke kaiwa) da ta fulot (wanda take sauka a kai bayan nan), da inda aka ce ta yanke wuta. Sannan ka ari mita wurin mai gyaran lantarki na unguwarku, ka auna bakin kowane batir shi kaɗai, ka auna su biyun tare, a daidai lokacin ka kalli abin da allon ke faɗa. Tambaya ta ƙarshe: sau nawa ka ƙara musu ruwa tun da aka kawo su?

Baban Hanifa:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Maganar ruwa zan iya ba ka amsa yanzu. Ban taɓa ƙarawa ba ko sau ɗaya. Jajayen 'yan sandunan nan da ke kan murafun suna nan a sama inda suke tun ranar farko. Ni har murna nake yi, na ɗauka alamar batir mai kyau ce.

Mai Sola na Fagge:
To ai ka gama ba da amsa, Alhaji. Batirin ruwa a Kano, wata takwas, har da zafin Maris, bai sha ruwa ba? Wannan bai taɓa cika ba. Batir idan ya kai ƙarshen caji yana ɗan tafasa, ka kasa kunne za ka ji shi yana ƙyar-ƙyar kamar tukunyar da ta fara zafi. A nan ne ruwan ke raguwa. Kusan kullum sai an kawo mana irin wannan a shago, batir lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ta kama shi.

Maman Walid, Ɗorayi:
Ina biye da ku, don ni ma nawa ya fara irin wannan halin. Baban Hanifa, ba ka faɗi abin da kuke kunnawa da dare ba.

Baban Hanifa:
Hajiya, fanka uku na sama, firiza ɗaya, ƙwai kamar shida, talabijin zuwa ƙarfe 10, sai cajin wayoyi.

Baban Hanifa:
Jama'a barkanmu da rana. Na yi yadda Injiniya ya ce. Irin batir: AGM. Amfiya: 60. Bolk 28.2, fulot 27.0, yankewa 21.0. Da misalin 10 da rabi allon yana nuna 28.2, amma da na ɗora mita a kan batiran biyu tare sai na ga 27.3. Na farko 14.1, na biyu 13.2. Kuma da na taɓa wayar da ta taso daga batir zuwa inbata na ji ta da ɗumi sosai, kan ɗaya daga cikin ƙusoshin ma akwai wani farin gari-gari mai ɗan shuɗi. Mai lantarkin da ya ara min mita ya ce wayar 10mm ce. Batiran suna cikin sito, inbatar tana falo, tsakaninsu ya kai mita uku.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi, yanzu muna magana da lambobi. Matsala ba ɗaya ba ce, taruwa suka yi.

AGM wani irin batir ne rufaffe da ba a ƙara masa ruwa, kuma a kansa yawancin inbatocin nan ke fitowa daga kamfani. Wanda ya haɗa maka bai taɓa saitin ba ke nan, ya ɗaura waya ya kunna ya tafi. 28.2 na nufin 14.1 ga kowane batir. Dogon batirin ruwa yana son 14.4 zuwa sama kafin ya ƙoshi.

Sai waya. Inbata na ganin 28.2, batir na samun 27.3. Kusan bol guda ya ɓace a hanya, shi ne ɗumin da ka ji a hannunka. Amfiya 60 a wayar 10mm, mita uku zuwa mita uku dawowa, ga ƙusa mai tsatsa, dole a yi asara. Gaskiya ne idan amfiya ta ragu asarar ma tana raguwa, amma kafin nan inbatar ta riga ta yanke hukunci cewa an kai, ta sauka fulot. Shi kuwa fulot ba caji ba ne na a-zo-a-gani, riƙo ne kawai ga batirin da ya riga ya cika.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri yana kwanciya a kan farantan dalmar da ke ciki. Cikakken caji ne ke narkar da shi ya koma cikin ruwan. Idan kullum ana tsayawa a kashi 80, ragowar yana taurarewa, wata bayan wata, wurin ajiyar wuta yana ƙanƙancewa. Shi ya sa da kuna kai asuba, yanzu ƙarfe ɗaya. Sannan ga 21.0 da aka bar ta tana yankewa, wato kowane dare sai an tatse batiran tas. Ba su ƙoshi da rana ba, da dare kuma a matse su.

Ɗan Gwammaja:
Amma Injiniya amfiya 60 ai ba ta yi yawa sosai ba. Batir biyu ne, 220 da 220 ya zama 440. Kashi ɗaya cikin goma 44 ke nan.

Injiniya Bala:
A'a ɗan'uwa. Jere aka haɗa su, kan wannan a wutsiyar wancan, don a samu 24V. A irin wannan haɗi bol ne ke taruwa, 220Ah tana nan a 220. Duk amfiyar da ta shiga na farko ita ce ke ratsa na biyu. Kashi ɗaya cikin goma 22 ne. Ana ba su kusan ninki uku.

Ɗan Gwammaja:
Na fahimta. Wallahi haka na ɗauka tuntuni, bari in je in duba nawa.

Mai Sola na Fagge:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Alhaji ka mayar da ita FLD kawai, a irin waɗannan inbatocin zai ba ka bolk 29.2 da fulot 27.0. Amfiya ka sa 30. Ka sayi waya 25mm ko 35mm ta jan ƙarfe zalla, ka kankare bakinta ka gani da idonka kafin ka biya, don akwai wadda alminiyam ce aka shafa wa ja. Ka ɗaga ta ma za ka ji ba ta da nauyi. A Sabon Gari za ka samu, ka sa a matse maka kawunan da abin matsewa, ba a bubbuga da guduma ba.

Injiniya Bala:
Oga, a kan waya da amfiya 30 ba ni da ja, tunda ranar da muke da ita sa'o'i ne ƙididdigaggu, 22 ba lallai ta cika su kafin la'asar ba. Amma 29.2 a wannan watan ban yarda ba. Lambobin da kamfanoni ke rubutawa na yanayin digiri 25 ne. Batir idan ya ɗau zafi, bol ɗin cajinsa ragewa ake yi, kimanin 0.02 zuwa 0.03 ga kowane batir mai 12V a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Siton Baban Hanifa da rana a Afrilu zai kai 38 ko fiye. Ka lissafa, wajen 0.3 ke nan za a cire wa kowanne. Wanda ya dace da 14.7 a wuri mai sanyi, a sitonsa 14.4 ne. Ni 28.8 zan ce, a USE.

Mai Sola na Fagge:
Injiniya, lissafinka daidai ne a takarda. Ni kuma abin da nake gani a gidajen mutane nake faɗa. Batirin da na tarar ya mutu saboda ƙarancin caji ya fi wanda ya mutu saboda yawansa nesa ba kusa ba. Mai yawan caji ruwa zai sha, ka ƙara masa. Mai yunwa kuwa in gishirin ya taurare shi ke nan. Kuma mutum in ka kai shi USE, gobe yaro ya danna wani abu, ko shi da kansa ya rikice. FLD sau ɗaya ne.

Injiniya Bala:
Sai dai "ka ƙara masa ruwa" ɗin nan ita ce mutane ba sa yi. Na ga batirin da aka bari a 29.2 cikin zafi, wata biyu ba a leƙa ba, farantan suka fito fili suka bushe. Kuma ba ruwa kaɗai zafi da yawan bol ke ci ba, suna cin ƙarfen farantin kansa, wannan ba ya dawowa. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Mu a nan tun asali a cikin asara muke, bai kamata mu ƙara da hannunmu ba.

Mai Sola na Fagge:
To mu raba. Yanzu batiransa a yunwace suke, a ba su 29.2 na sati biyu su farfaɗo, yana duba ruwa duk bayan kwana uku. Daga nan ya sauko 28.8 har damina ta sauka. In hunturu ya shigo, Disamba da Janairu, ya mayar 29.2.

Injiniya Bala:
Wannan na yarda da shi, da sharaɗin ya fitar da su daga siton nan. Baban Hanifa, ka nema musu wuri kusa da inbata mai shan iska, ba rana, ka ɗora su a kan katako. Ka duba jikin batirin ko takardarsa kuma, wasu kamfanonin suna rubuta bol ɗin da suke so. In ka samu, nasu ya fi namu.

Maman Walid:
Ku yi haƙuri in sa baki, maganar firiza nake so a koma. Ni zoɓo da kunun aya da ƙanƙara nake sayarwa, firiza ita ce jarina. Abin da na koya da kaina shi ne, ba na barinta a kan batir da dare. Ƙarfe 9 na safe nake kunna ta, in kashe biyar na yamma. Na jera robobin ruwa a ƙasanta sun daskare, su ke riƙe sanyin har gari ya waye, in dai ba a yi ta buɗewa ba. Na kuma rufa mata tsohon bargo a sama, ban da gefen da take fitar da zafi. Baban Hanifa ka gaya wa maman yara ta gwada, ba abin da zai narke.

Injiniya Bala:
Hajiya ta kawo rabin maganin. Mu lissafa. 220 sau 24 ya ba da wat-awa 5,280. Batirin ruwa in ana so ya yi kwana, rabi ake ci, wato 2,640. Fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 70, uku 210 ke nan. Daga 7 na yamma zuwa 6 na safe awa 11, fankoki kaɗai sun cinye 2,310. Ba a sa firiza ba, ba a sa ƙwai da talabijin ba, ba a sa abin da inbatar kanta ke ci ba. Ka ga ko da batiran na da cikakkiyar lafiya, kayan sun fi ƙarfin rabin. Ga shi kuma da rana fanel ɗinka na iya ba da wat 1,800 a takarda, batir a amfiya 30 bai fi 900 zai ɗauka ba. Ragowar ta firiza ce da guga da famfon ruwa, duk a yi su da rana.

Auwalu Kurna:
Duk wannan wahalar ce ta sa na ce litiyam. Ba ruwa, ba rabi, kashi 80 zuwa 90 kake ci.

Mai Sola na Fagge:
Malam Auwalu litiyam na da kyau, ba musu. Amma shi ma sai an saita. Makon jiya na je wani gida a Naibawa, an sa litiyam mai 25.6V an bar inbata a FLD da cajin daidaito a kunne. Kullum da rana na'urar kariyar da ke cikin batirin sai ta yanke, gidan ya ɗauke, mai gida na cewa an sayar masa da jabu. Da an ba Alhaji litiyam da wannan siririyar wayar da wannan mai haɗin, da wata sabuwar matsalar zai kawo mana.

Baban Hanifa:
Ina ta rubutawa a littafi. Abu biyu ban gane ba. Mene ne cajin daidaito? Kuma me ya sa batir ɗaya 14.1 ɗaya 13.2?

Injiniya Bala:
Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya. Kowane batir ɗaki shida ne a ciki, murfi shida da kake gani. In an daɗe ba a cika su ba, wasu ɗakunan sai su ja baya. Cajin daidaito shi ne a ɗaga bol sama da na kullum da gangan, wajen 30V zuwa 31V a tsarin 24V, na awa ɗaya zuwa biyu, don na bayan su kamo na gaba, ruwan kuma ya gauraya, tunda mai kaurin yana kwanciya a ƙasa. Batirin ruwa kaɗai ake yi wa. Ban da AGM, ban da jel, ban da litiyam.

Amma ka ji sharuɗɗan da kyau. Iskar da ke fita a lokacin haidurojin ce, tana kamawa da wuta. A buɗe taga, ba sigari, ba ashana, ba murhu kusa, kar a cire ko a ɗaura waya ana cikin yi, yara su yi nisa. Ka riƙa taɓa jikin batirin, in ya yi zafin da ya wuce ɗumi ka tsayar. A zafin nan ka tsaya a 30V. Kuma kar ka yi sai ka gyara waya, ka yi kwana uku a sabon saiti.

Ka sayi abin auna ruwan batir, kamar babban sirinji ne na gilashi mai roba a kai, masu kayan batir suna da shi. Ka zuƙo ruwan kowane ɗaki ka rubuta lambar. Cikakken dogon batir yana nuna wajen 1.240 zuwa 1.260, ya danganta da kamfani. Wannan ne ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki. Ka kula, ruwan asid ne, yana ƙona fata yana huda tufafi, ka kare idonka.

Maman Walid:
Ruwan ƙarawar fa? Wani ya ce min fiya wata ma ya yi.

Mai Sola na Fagge:
Hajiya kar ki soma. Ba fiya wata, ba na burtsatse, ba na rijiya, duk akwai gishirin ƙasa a cikinsu. Tataccen ruwan batir kawai. Asid ma ba a ƙarawa, ruwa ne ke tashi, asid ɗin na nan. Kuma bayan caji ya cika ake ƙarawa, sai dai in farantan sun fito fili, a nan a rufe su tukuna. Farin garin kan ƙusa kuma, Alhaji, ka kashe komai, ka kwance, ka wanke da ruwan ɗumi da hodar soda (baking soda), ka goge ya bushe, ka ɗaure tam, ka shafa man basilin a kai. Ka kula kar ruwan wankin ya shiga cikin murafun.

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha biyu, na ce in dawo in ba ku labari. Na sayo waya 35mm, na dawo da batiran lungun falo kusa da taga, tsakaninsu da inbata bai kai mita ɗaya ba. Na sa USE da kaina: bolk 29.2, fulot 27.2, amfiya 30, yankewa 23.0, na rubuta lambobin a takarda na liƙa a bango. Yanzu bambancin allo da mita 0.1 ne. A rana ta biyu da azahar na durƙusa na kara kunnena, na ji tafasar nan da Oga ya faɗa, karo na farko tun da na saye su. Awon farko ɗakunan suna tsakanin 1.170 da 1.200. Na yi cajin daidaito sau biyu, mako guda tsakani. Jiya goma sha ɗaya sun haura 1.230, ɗaya a batir na biyu ya tsaya a 1.190, ya ƙi motsi. Firiza muna kashewa biyar na yamma kamar yadda Hajiya ta ce, naman da ke ciki ko laushi bai yi ba. Da fanka biyu muna kai kiran sallar farko, da uku kuwa wajen ƙarfe huɗu take yankewa. Jajayen sandunan sun fara sauka, na ƙara ruwa shekaranjiya.

Injiniya Bala:
Masha Allah. Jibi ka sauko 28.8 kamar yadda aka yi da Oga. Ɗakin nan mai 1.190 ka sa masa alama da fenti, ka auna shi duk mako. In bayan wata guda bai tashi ba, ka ɗauki littafinka da rasit ka koma inda ka saya tun garantin bai ƙare ba, ka nuna musu lambobin. Kar ka haɗa sabon batir da tsoho ba tare da ka dawo mun duba ba.

Maman Walid:
Injiniya, ni ma na shiga saitin tawa yanzu. AGM na gani, yankewa kuma 10.5, tawa mai batir ɗaya ce 12V. Daga ina zan fara?

Injiniya Bala:
Hajiya, ki fara da ɗauko hoton takardar da ke jikin batirin, da na wayar da ta shiga inbata, ki turo nan.